Dalar Bankin Ingila ta 1804: ta gaske ce ko jabu?

Assalamu alaikum jama'a. Wata tsohuwar tsabar kuɗi ce ta hana ni sakat, ina neman wanda ya fi ni ido.

Na daɗe ina tara kuɗin zinariyar Birtaniya, kuma su ba sa ba ni wahala: sovereign giram 7.98 ce, guinea kusan 8.4, sikeli kawai ke raba gardama. Da na tsoma hannu a azurfa sai na rikice. Na sayi dalar nan da Bankin Ingila ya fitar a 1804 lokacin ƙarancin azurfa, mai darajar sule biyar, wadda aka buga a masana'antar buga kuɗi ta Matthew Boulton da ke Soho, kusa da Birmingham, a saman tsohuwar dalar Sifaniya.

A ƙarƙashin kan Sarki George na Uku ana ganin burbushin rubutun Sifaniya, abin da ya kwantar min da hankali da farko. Amma ya kamata ta kai kusan giram 27, tawa kuwa 25.3 take, sau uku ina aunawa. Maganaɗisu bai kama ta ba, sai dai ai ba ya kama tagulla ma. Gefenta kuma akwai wani ɗan ja-ja. Wani maƙerin zinariya ya ce in bari ya kankare ya ɗiga ruwan gwaji, na ƙi, don tabon ba zai goge ba.

Shin gogewar shekaru za ta iya cin kusan giram biyu, ko tagulla ce aka shafa wa azurfa tun wancan zamanin? Aunawa cikin ruwa zai bambance su ba tare da na lalata ta ba? Don Allah a taimaka.