Sikirin ya yi baƙi bayan abdet ɗin kanel a Ubuntu 22.04, katin NVIDIA ya daina aiki

mai_editin_biki

Salamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu sanin Linux a taimaka min. Ina da kwamfuta ta tebur mai katin NVIDIA GTX 1650, Ubuntu 22.04 ce a kai, da ita nake editin bidiyon biki a Kdenlive, wani lokacin ɗan Blender. Jiya da daddare ta nuna min akwai abdet na ce ta yi, ta gama lafiya lau na kashe na kwanta, yau da safe ina kunnawa tambarin Ubuntu ya fito daga nan sai sikirin ya yi baƙi ƙirin, wani ɗan layi ne kawai yake ƙiftawa a sama gefen hagu, na jira na jira shiru.

Na danna Ctrl+Alt+F3 na samu shiga wajen rubutu, na buga nvidia-smi sai ta ce "NVIDIA-SMI has failed because it couldn't communicate with the NVIDIA driver". uname -r kuma ya nuna lambar kanel, wato zuciyar tsarin Linux ɗin, ta koma 6.5, alhali na san a da 6.2 ne. Direban katin dai, wato manhajar da ke sa shi aiki, wanda ya haɗa min kwamfutar ne ya sa shi tun farko, wani fayil ne mai ƙarewa da .run ya sauke daga intanet, mai lamba 535 ne.

Katin ne ya ƙone ko me? Wallahi aikin mutane ne a ciki, amarya da danginta sai kira suke, kuma bana so in goge komai in sake sabon zubi saboda fayilolin da ke ciki ga kuma data da zai ci.

ɗan_tamina

Wa alaikumus salam. Malam kwantar da hankalinka katinka lafiyarsa ƙalau, da ya ƙone ai ko tambarin Ubuntu ɗin ba za ka gani ba. Kar ka goge komai.

Abu na farko ka samu ka cigaba da aikinka tukuna. Sake kunna kwamfutar, tana tashi ka riƙe Shift, in bai yi ba ka riƙa danna Esc, GRUB, wato jerin zaɓin abin da kwamfutar za ta tashi da shi, zai fito. Ka shiga Advanced options for Ubuntu ka zaɓi layin da ke da 6.2, wanda babu recovery mode a jikinsa. Ubuntu ba ta goge tsohon kanel nan take idan sabo ya zo, yana nan, kuma direbanka da shi aka haɗa shi don haka zai tashi kamar yadda ka saba. Sai dai kar ka buga apt autoremove a 'yan kwanakin nan har sai an gama gyaran, don zai iya goge tsohon kanel ɗin.

Abin da ya faru kuwa shi ne, direban NVIDIA yana da wani ɓangare da yake shiga cikin kanel ɗin kansa, ana ce masa modul, kuma wannan modul ɗin ba a haɗa shi sau ɗaya ya yi wa kowane kanel, kowane sabon kanel sai an sake haɗa masa nasa. Kamar an canza maka kwaɗon ƙofa ne, tsohon makullin lafiyarsa lau amma dole a yanko sabo. Masu Intel da AMD ba su cika ganin wannan ba saboda nasu direban, i915 da amdgpu, a cikin kanel ɗin yake zuwa, tare ake sabunta su. Na NVIDIA daga waje yake zuwa, shi ya sa aka yi wani abu wai shi DKMS, aikinsa kenan, duk sanda sabon kanel ya sauka ya sake haɗa modul ɗin da kansa. To ko dai wanda ya sa maka bai yi rajistar direban da DKMS ba, ko kuma DKMS ɗin ya gwada abin ya ƙi haɗuwa. In ka shiga ka buga dkms status ka kawo mana abin da ya ce, ka kuma duba ko an sauke hedar sabon kanel ɗin, kunshin linux-headers mai lamba iri ɗaya da ta kanel, don in babu shi ba abin da zai haɗu.

mai_editin_biki

Alhamdulillah, Allah ya saka da alheri yallaɓai, na zaɓi 6.2 ta tashi sumul har na tura bidiyo ɗaya yana fita yanzu haka. dkms status ya nuna nvidia 535 a kan 6.2 kawai, babu na 6.5 sam. linux-headers na 6.5 ɗin kuma yana nan na duba.

injiniya_ta_lantarki

Toh ɗan'uwa in haka ne kusan na san matsalar, don ba kai kaɗai ba ne, tunda 6.5 ya sauka a 22.04 mutane da yawa suka shiga wannan halin har da masu VirtualBox. Buɗe fodar /var/lib/dkms/nvidia ka shiga ta lambar direbanka, cikin build akwai make.log, ka leƙa ƙasa ƙasa, ina kyautata zaton za ka ga inda ya ce bai gane -ftrivial-auto-var-init=zero ba.

Dalili kuwa, kanel 6.5 ɗin nan da gcc 12 aka haɗa shi, gcc kuwa shi ne manhajar da ake haɗa kanel da modul da ita, shi kuma 22.04 gcc 11 ne yake zuwa da shi a matsayin na yau da kullum, kuma 11 bai san wancan umarnin ba, yana cin karo da shi sai ya tsaya, modul bai haɗu ba, abdet ɗin kuma ya wuce abinsa kai ba ka lura ba sai da ka sake kunnawa. In kana so ka tabbatar, cat /proc/version yana faɗin gcc ɗin da aka haɗa kanel ɗin da kake kai da shi.

Hanya biyu ce. Za ka iya sa gcc-12 da apt, ka nuna wa tsarin ya riƙa amfani da shi ta update-alternatives, sannan ka sa DKMS ya sake haɗawa, zai yi aiki. Amma ni gaskiya ba ita zan ba ka shawara ba, don mutumin da abincinsa yake kan kwamfutar nan bai kamata duk sabon kanel ya riƙa zaman zullumi ba. Ka rabu da .run ɗin nan gaba ɗaya. Ka gama aikin da ke hannunka tukuna ka kwashe fayilolin mutane a wani hadis (hard disk) na waje, sannan ka koma Ctrl+Alt+F3 ka buga sudo nvidia-uninstall, in ya gama ka buga sudo ubuntu-drivers install, ka sake kunnawa. Shi wannan daga ma'ajiyar Ubuntu yake ɗauko direban, kuma akwai kunshin linux-modules-nvidia da suke zuwa a haɗe an riga an gwada su da kanel ɗin, tare suke tafiya da shi, babu ruwanka da gcc. Abu ɗaya dai, kar ka sa na Ubuntu a kan na .run ba ka cire ba, fayilolinsu wuri ɗaya suke zama, cakuɗewa za su yi ka koma ganin Driver/library version mismatch.

oga_kafe

Ni fa shawarata mai sauƙi ce, kwamfutar aiki in tana tafiya daidai a kashe abdet kawai a huta. Nawa na shago haka na yi musu kuma ba wanda ya taɓa ba ni ciwon kai. Ya zauna a 6.2 ɗinsa mana tunda yana yi.

Sannan a duba Secure Boot ma, wato tsaron da ke tantance abin da kwamfuta za ta tashi da shi, mokutil --sb-state zai faɗa maka ko a kunne yake. In a kunne yake, modul ɗin da ba shi da sa hannu kanel ba zai karɓe shi ba ko da ya haɗu lafiya, sai ka ga modprobe yana cewa Key was rejected by service. Shuɗin sikirin nan mai Enroll MOK da yake fitowa bayan an sa direba mutane suna tsallake shi cikin sauri, to nan ne ake yi wa makullin sa hannun rajista.

injiniya_ta_lantarki

Maganar Secure Boot gaskiya ce oga, kuma ma ƙarin dalili ne na komawa kunshin Ubuntu, don su da sa hannunsu suke zuwa. Amma kashe abdet kam ban yarda ba. 6.2 ɗin nan na wucin gadi ne, layin HWE ne wanda duk bayan kamar wata shida ake ɗaga shi, daga 5.19 zuwa 6.2 sannan 6.5 a farkon 2024, kuma da zarar an wuce ɗaya an daina toshe masa ɓarakar tsaro kenan, ga kwamfuta tana kan intanet kullum ana cusa mata filashin mutane kala kala. Wanda baya son tsalle tsallen lamba akwai hanyarsa ta halak, ya sa linux-generic ya koma 5.15, shi ne asalin kanel ɗin da 22.04 ta fito da shi, lambarsa bata canzawa amma gyaran tsaro yana zuwa masa har Afrilun 2027. GTX 1650 kati ne na 2019, 5.15 ya ishe shi. Kuma kowa ya sa Timeshift dan Allah, kafin babban abdet ka ɗauki hoton tsarin, in abu ya lalace ka dawo da shi cikin mintuna.

ɗalibi_a_zariya

Ku yi haƙuri in ɗan shigo da tawa tunda kusan iri ɗaya ce. Ni tawa tsohuwa ce ta hannu na saya, GT 730 ne a ciki, na ga ana ta maganar 535 sai na sa shi, shi kuma ko a tsohon kanel baya tashi. Ita ma matsalar gcc ɗin ce?

ɗan_tamina

A'a ƙanena, taka daban ce, 535 bai san katinka ba kwata kwata. Kuma GT 730 suna ɗaya ne amma cikinsa ba ɗaya ba, buga lspci ka nemo layin VGA. In ka ga GK208 to Kepler ne, direbansa na ƙarshe shi ne 470, ka cire 535 ka sa nvidia-driver-470, sai dai gyaran tsaron da NVIDIA ta ce za ta yi masa zuwa Satumban 2024 ne kawai. In kuma GF108 ka gani to Fermi ne, nasa 390 ne wanda aka daina kula da shi tun ƙarshen 2022, irinsa duk sabon kanel wahalar haɗuwa yake ƙara yi, don haka ko ka zauna a 5.15 ko ka cire na NVIDIA gaba ɗaya ka bar nouveau, direban da yake zuwa cikin kanel. Karatu da burauza da kallon bidiyo duk zai yi maka, gem mai nauyi da Blender ne ba zai ja ba. Kawo mana abin da lspci ɗin ya nuna kafin ka sauke komai kar ka ƙona datarka a banza.