Taimako: ya zan ga paramita din da anka ba aiki a AS/400?

Dan_Gwandu:
Salamu alaikum yan uwa. Ina aiki a wani kamfanin shinkafa nan Birnin Kebbi, lissafin sito da albashi duk kan injin IBM din nan AS/400 yake, wanda yanzu aka cema IBM i. Daren jiya anka tura aiki da SBMJOB (umarnin tura aiki injin ya gudanar da shi da kanshi) don rahoton buhunnan da sunka hita sito, da safe rahoto ya hito wayam ko buhu guda babu alhali tirela sunyi lodi, wanda ya tura aikin kuma ya tahi Yauri biki wayarshi bata shiga, oga sai kira yake. So nike in ga ainihin paramita, wato bayanan da ya ba shirin (program din). Mi zan yi don Allah?

Malam_Gusau:
Wa alaikumus salam kanena. Buga WRKUSRJOB (umarnin da ke jero ayyukan yuza) da sunan yuzan mutumin, nemo aikin ka sa 8 gabanshi, cikin fayilolin zaka ga QPJOBLOG, wato joblog, tarihin abinda aikin yayi. Bude shi, kusa da farko akwai sako mai nau'in Request, nan zaka ga CALL PGM (shirin da anka kira) da PARM (paramitan da anka ba shi) yadda anka rubuta su. In aikin na kan layin jira ko bai kare ba, WRKJOB ka zabi 10 sai F10.

Dan_Gwandu:
Malam na duba, rahoton kadai ne, ba QPJOBLOG.

Malam_Gusau:
To an sa LOG(4 00 *NOLIST) kenan, in aiki ya kare lahiya injin baya aje joblog ko kadan. Amma kada ka hidda rai, SBMJOB din da ya buga na cikin joblog din zamanshi shi kanshi tare da sakon CPC1221 mai lambar aikin, matukar bai yi SIGNOFF ba, wato bai hita daga injin ba, umarnin DSPJOBLOG zai nuna maka. In ta menu ya tura kuwa sai in LOGCLPGM (saitin rubuta umarnonin cikin shiri a joblog) na *YES. Kuma don Allah ku maida LOG din aikin dare *SECLVL don injin ya rika aje cikakken joblog, wanga tsimin wuri baya da riba, ranar da anka shiga uku ba abin dubawa.

Hajiya_Argungu:
Dana in ka samu layin umarnin ka lura da yadda anka rubuta kwanan watan. Lamba in ba a sa ta cikin alamar zance ba CALL na mika ta a tsarin 15 5 (lamba mai gurbi 15, 5 daga ciki bayan digo), shirin da ke jiran haruffa 8 shirme zai karanta, wani sa'in ko kuka baiyi, rahoto dai ya hito hanko. Rubutu kuma injin na cike shi zuwa 32 ne kawai, in shirin na jiran 50 sauran tarkace ne. In injinku sabo ne QSYS2.JOBLOG_INFO, hanyar karanta joblog ta yaren binciken bayanai na SQL, yahi saukin bincike.

Dan_Gwandu:
Allah shi saka da alheri. Kwamfutar sito na nan kunne mutumin bai hita ba, na ga SBMJOB din, kwanan watan ba alamar zance kamar yadda Hajiya ta ce. Na sake turawa da ita, rahoto ya hito daidai.