Taƙaitawa: Shawarwari kan gyaran aikin 'yan sanda a Kano

A wata tattaunawa kan gyaran aikin 'yan sanda a Kano, mahalarta sun rabu tun daga farko. 'Yan kasuwa da direbobin adaidaita sahu sun fi damuwa da ƙwacen waya da faɗan daba, suna neman a ƙara sintiri, yayin da lauyoyi suka tunatar da cewa rusa SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi da makami, a ranar 11 ga Oktoba, 2020 bai hana kamun ba gaira ba dalili ba.

Shawarar da ta fi samun goyon baya, wadda ni ma nake ganin ita ce ginshiƙi, ita ce a fara aiki da dokokin da ke ƙasa kafin a nemi sababbi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama mutum a madadin wanda ake zargi, amma har yanzu ana tsare uba tsoho a bayan kanta, ba takalmi, har sai ɗansa ya bayyana. Haka nan dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi alƙalin majistare ya riƙa ziyartar caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata. An kuma nemi iyalai su daina biyan kuɗin beli, tunda kyauta ne, su rubuta sunan jami'in da lokacin kamun, su kai ƙara Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda.

Batun 'yan sandan jihohi kuwa an bar shi a buɗe, domin da yawa suna tsoron gwamnoni su mayar da su makamin siyasa.