Shawarwari ga mai sha'awar mallakar motar da ta yi suna a fim

A wata tattaunawa kan sayen motocin da suka yi suna a fim, abin da aka fi nanatawa shi ne: kada fim ya ruɗe ka. Motar DeLorean da ta yi tashe a fim ɗin Back to the Future na 1985 kyakkyawa ce, jikinta ƙarfe marar tsatsa, ƙofofinta suna buɗewa sama kamar fikafikai. Amma injinta ba shi da wani ƙarfi, kamfanin ya durƙushe tun 1982, kuma kimanin 9,000 kawai aka ƙera. Don haka kafin ka biya, nemi makaniken da ya san ta tukuna.

Sai batun takardu. Ainihin motar Mustang ta 1968 da jarumi Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt an sayar da ita dala miliyan 3.74 a 2020, saboda an tabbatar ita ce. Duk wanda ya ce motarsa ta fito a fim, duba lambar jikinta.

Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, an ce ya nemi Volkswagen Beetle irin Herbie, motar da ta yi suna a finafinan Disney. Wannan shawarar ta fi kwanta mini a rai: an taɓa haɗa Beetle a Legas, injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, gyaransa ba wuya.