Neman shawara: in koma kyamara marar madubi, ko in sayi dogon gilashi saboda bikin Argungu?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Shekarata 7 ina ɗaukar hoton biki da suna da walimar sauka, da Canon 600D da ɗan gilashinta 18-55 da ta zo da shi. Alhamdu lillahi, da ita na yi aure, ba zan raina ta ba. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya tun watan Maris na 2020, da na je bikin kamun kifi na Argungu. Na tsaya a bakin Matan Fada tun da safe, aka harba bindiga, masunta suka kwararo cikin ruwa, na yi ta dannawa har batir ya mutu. Da na dawo gida na buɗe a kwamfuta, mutane duk kamar tururuwa, babu fuska ko ɗaya da za ka gane. Kifin da ya ci gasar, mai kilo 78, a wayar wani na gan shi da kyau.

Yanzu na kwashi adashe, na haɗa da kuɗin shinkafar da na sayar. Kuɗin zai iya ɗayan biyu, ba zai iya duka ba. Ko in sayar da 600D in cika in ɗauki Sony a7 III ta hannu, wadda ba ta da madubi a cikinta, da gilashi 28-70, shi ke nan aljihu ya bushe. Ko in ɗauki Canon 7D Mark II ta hannu, mai madubi irin tawa, da dogon gilashi mai jawo nesa 70-200 f/4, in ajiye tsohuwata a gefe. Burina in fara tura wa gidajen jarida hoto, in daina dogara da amarya da ango kaɗai. Abokaina suna ce mini kyamara mai madubi ta mutu, wanda ya saya yau ya sayi gawa. Don Allah ku haska mini.

Wani matashi mai ɗaukar bidiyo, Jega:

Wa alaikumus salam. Oga, rufe ido ka ɗauki Sony. Tun 2018 da Canon da Nikon suka fito da nasu manyan marasa madubi aka san inda duniya ta dosa. A ƙarshen 2021 shugaban kamfanin Canon da bakinsa ya ce 1D X Mark III ce ta ƙarshe a manyan kyamarorinsu masu madubi. Kamfanin dillancin labarai na AP ma tun 2020 ya mayar da masu ɗaukar hotonsa kan Sony. Ita a7 III tana kama ƙwayar idon mutum da kanta, tana ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa ɗaya, ga bidiyon 4K wanda 7D ba ta da shi. Yau wace amarya ce za ta yarda da hoto babu bidiyo?

Mai gyaran kyamara, Birnin Kebbi:

Ɗan Jega bai yi ƙarya ba, amma ya tsallake lissafi ɗaya, kuma a kansa maganar take. Malam, abin da ya kashe maka hoto a 2020 nisa ne. To mu lissafa nisan. Sensar 600D, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ƙarama ce, tana ninka tsawon gilashi sau 1.6, don haka 55 ɗinka daidai yake da 88 a babbar sensa. Sony a7 III babbar sensa gare ta, 70 ɗinta 70 ne, babu ƙari. Ka ga in ka zuba duk kuɗinka a kanta ka koma bakin Matan Fada, tururuwar taka ƙara ƙanƙancewa za su yi, sai dai su fito da launi mai kyau. Amma 200 a kan 7D Mark II daidai yake da 320. A nan ne za ka ga ruwa na ɗiga daga gemun masunci. Ita ma hoto 10 take ɗauka a daƙiƙa, taka ta yanzu ko 4 ba ta cikawa.

Sai maganar ƙura, wadda ita ke kawo mini ciniki daga Disamba zuwa Fabrairu. In ka cire gilashin a7 III, sensa tana nan tsirara tana kallon sama. A cikin hazon hunturu, ga dubban mutane suna tayar da ƙasa da gudu, sau ɗaya ka canza gilashi ya isa ka samu ɗigo-ɗigo a sararin kowane hoto. Mai madubi aƙalla madubi da labule, wato marfin da ke buɗewa ya rufe in an danna, sun tare gaba. Kuma in ka riƙe 600D, ka rataya biyu, ɗaya da gajere ɗaya da dogo, ba ka da dalilin buɗe komai a fili. Shi 70-200 ɗin a ciki yake motsi, ba ya fita ya koma yana zuƙar iska.

In za ka saya, kada ka yarda da sheƙin bodi. A haɗa ta da kwamfuta a duba sau nawa ta taɓa ɗauka. Canon ta yi wa labulen 7D Mark II kiyasin ɗauka 200,000, in ta doshi nan ka rage kuɗi sosai ko ka bar ta. Ka haska tocila cikin gilashin, in ka ga zare-zare kamar yanar gizo fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Batirinka na yanzu ba zai shiga ba, naka LP-E8 ne, ita LP-E6 take ci, sai ka ware kuɗin batir biyu. Tana da ramin memori biyu, CF da SD, ka saita ta tana rubutawa a duka.

Matashin Jega:

Na yarda da lissafin, Oga. Amma nan da shekara 3 wa zai sayi 7D a hannunsa?

Mai gyaran kyamara:

Bodi dama faɗuwa take yi, ko wace iri ce. Gilashi ne ke riƙe daraja. Ranar da ya samu kuɗin Canon marar madubi irin R6, adafta kawai zai saka, 70-200 ɗin ya ci gaba da aiki.

Dattijo, tsohon mai ɗaukar hoton jarida, Argungu:

Ƙanena, wanga lissafi na mai gyara shi ne gaskiya, ba ni da abin ƙarawa ga ƙarfe. Ni na ɗauki wanga biki da fim, hoto 36 ga nadi guda, kuma an buga. Abin da nake son ka ji shi ne kamun nan bai wuce kamar awa guda ba, kuma abin da jarida ke so cikinsa bai kai minti 10 ba. Na farko gudun da ake yi in an harba bindiga, mutane ɗauke da koma da gora suna gangarowa. In kana bayansu, ƙeya da ƙura kawai za ka samu. Ka zo kwana biyu kafin ranar, ka taka bakin ruwan da ƙafarka, ka ga inda rana ke fitowa, ka zaɓi tudun da za su taho suna fuskantarka. Ka nemi katin 'yan jarida wurin masu shirya bikin tun da wuri, ka gaisa da mutanen Sarkin Ruwa, don su ne suka san inda ake barin mutum ya tsaya da inda za a kore shi. Na biyu lokacin da aka ciccibo giwan ruwa ana kai ta ma'auni. A nan dogon gilashi ba shi da amfani, mutane za su rufe ka, gajeren nan da ka raina shi za ka ɗaga sama da kanka.

Saurin labule kada ya gaza 1/1000 lokacin gudu, rana ta ishe ka. Kuma kada ka zo don ranar ƙarshe kaɗai. Wasannin kabanci, tseren kwalekwale, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu, nan cunkoso bai kai ba, nan ake samun fuska. Ka leƙa gidan tarihi na Kanta ma.

Sannan tunda jarida kake so, ka bar hannun biki a gida. Mun saba goge wa amarya ƙurji, mu cire wanda ya leƙo ta baya. A jarida wannan kora ce. A 2014 AP ta raba gari da wani mai ɗaukar mata hoto da ya taɓa cin kyautar Pulitzer, don kawai ya goge kyamarar abokin aikinsa da ta fito a kusurwar hoton da ya ɗauka a Siriya. Balle yanzu da na'ura ke ƙirƙiro hoto daga babu, edita na iya ce maka turo asalin fayil. Ka ɗauka da RAW, wato asalin fayil ɗin da ba a taɓa ba, da JPEG tare, ka adana. Ka gyara agogon kyamara. Kowane hoto ka rubuta wane ne, mi yake yi, ina, yaushe. Ka san cewa bikin ya faro a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun da ta amince da su a 2016. Edita da ke Legas ko Landan ba shi da lokacin nemo maka wannan.

Hajiya mai ɗakin hoto, Yauri:

Baba ya gama magana. Ni tambayata ɗaya ce, ƙanena: wa ke ciyar da gidanka? Bikin Argungu ya taɓa yin kusan shekara 10 ba a yi ba kafin na 2020. Aure kuwa kowace Asabar ana ɗaurawa. 7D da f/4 a ɗakin taro da dare, wuta ta ɗauke, janareta na tari, za ka sha wahala, a nan Sony ta fi ta nesa ba kusa ba. In ka bi shawarar mai gyara, ka matse ka ƙara gilashi 50 f/1.8 mai shigar da haske sosai, shi ne mafi araha a gilasan Canon, zai rufa maka asiri wurin kamu da dina. Kuma dogon gilashin kada ya kwanta jiran Argungu. Ga Rigata a nan Yauri, ga Uhola a Zuru, ga hawan sallah a garinku. Ka fara da su, ka tara abin nunawa. In za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya lalace.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wallahi lissafin 88 da 70 ɗin nan bai taɓa zuwa mini ba, saura kaɗan in yi kuka da kuɗina. Na kira mai 7D ɗin, ya ce bai san adadin ɗaukar da ta yi ba, amma ya yarda in zo da wanda zai duba. Oga mai gyara, ko Talata da hantsi za ta yi maka? Baba kuma, in Allah ya kai mu, zan zo Argungu ka nuna mini tudun nan.

Dattijo:

Ka zo da takalmin da ba ka jin tausayinsa, akwai taɓo.