Dangin yarinyar da nake riƙo za su karɓe ta

Tambaya daga Kaltungo:
Salama, 'yan'uwa mata cikin Almasihu. Shekara 6 ke nan ina riƙon wata marainiya, tun tana goye har ta shiga makaranta, yanzu kuma dangin mahaifinta sun aiko cewa za su karɓe ta bayan Kirsimeti. Jiya ina yi mata kitso, hawaye suka hana ni ganin tsagar kanta. Yaya zan kafa zuciyata a kan abin da yake madawwami?

Amsa daga Billiri:
'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Ki karanta 1 Sama'ila sura 1 da 2. Hannatu ta miƙa ɗanta Sama'ila ga hidimar Ubangiji bayan ta yaye shi, amma kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa garin Shilo inda yake hidima, wato rabuwar ba ta yanke uwantakarta ba. A ganina, addu'o'in da kika koya wa yarinyar nan za su bi ta gidan da ƙafarki ba za ta taka kullum ba.

Amsa daga Gombe:
Mama, ki roƙi fasto da dattawa biyu su zauna da dangin, a amince ta riƙa zuwa miki hutu.