Kaset ko dijital: shawarar da aka tsayar a fada

A fadarmu ta Tahoua an yi gardama kan wanne ya fi riƙe murya yadda take. Masu kaset suka ce sautinsa ya fi daɗi, amma sun yarda yana shuuu, kuma kowane kwafi yana rage tsabta. Zafin garin nan ma yana cinye zaren. Na ga na wa'azin mahaifina ya manne, raina ya ɓaci.

Dijital irin na CD yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kwafinsa bai canzawa. Shawarar dattijon cikinmu: a goge ɗan ƙarfen rediyo mai karanta zaren kaset da alkol, a juye kaset zuwa WAV (nau'in fayil ɗin sauti na kwamfuta da ba ya rage komai), kada a ajiye a MP3 kaɗai, domin yana zubar da wani ɓangaren sautin. Kaset ɗin kuma a adana shi a inuwa.